Piyes Bai Zo Ba

Ran Juma'ar da ta wuce, a bayan babban masallacin Treichville, ina goge gilashin mota ina jiran dattijon da na kawo ya gama gaisawa da mutane, sai wani ɗan ƙanena mai tuƙa motar nan da ake kira ta waya ya dube ni ya kwashe da dariya. Ya ce, "Tonton Idi, kai kam ka more. Ka ɗauko tsoho, ka ajiye, ka kwanta ka yi barci. C'est cadeau, kuɗin kyauta!" Abokansa suka taya shi. Na ci gaba da goge gilashina, don kada in yi zagi a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku, ku da kuke ganin duk wanda ya iya murza sitiyari ya iya aikina.

Sana'ata tuƙa tsofaffi ce, kuma ba kowane tsoho ba. Nawa su ne waɗanda suka yi rayuwarsu suna tuƙa kansu, sai ido, ko gwiwa, ko ciwon sukari ya zo ya ce ya isa haka. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, ka buɗe masa ƙofa ya shiga baya ya kama tasbihinsa, ba ruwansa da kai. Wanda ya tuƙa mota shekara da shekaru a Abidjan kuwa, gaba yake zama, yana taka birkin da babu shi a gefensa, yana leƙa madubin da ba nasa ba, duk woro-woron da ya gifta, wato tasin haɗaka, sai ya ja numfashi. Ku je ku tuƙa irin wannan mutum tun safe har la'asar ba ku ɓata masa rai ba, shi ma bai ɓata muku ba, sannan ku dawo ku ce mini kyauta ce.

A ƙofar gbaka na fara, ƙaramar bas ɗin haya, layin Adjamé zuwa Abobo, ina rataye a jiki ina kiran fasinja har muryata ta dishe. Maigidana Baba Sidiki, Jula ne, ba ya yawan magana, kuma ba ya maimaita ta. Wata rana wata tsohuwa tana sauka da kwandon gauta, ni kuma ina hangen wata gbaka na shirin kwashe mana mutane a gaba, sai na buga jikin mota alamar mu tafi. Baba Sidiki bai tafi ba. Kashe motar ma ya yi gaba ɗaya a tsakiyar hanya, ana ta danna masa oda ta baya, ya waiwayo ya ce, "Ƙafa nawa ka gani a ƙasa?" Na ce ɗaya. Ya ce, "Ɗayar da ta rage a cikin motata, gida za ka kai mata?" Fasinjoji suka yi ta dariya, ni kuwa na ji kamar in nutse. Tun daga ranar ban ƙara kallon hanya ba in ana sauka, ƙafafu nake kallo. Na yi woro-woro bayan nan, na yi tasi, amma abin da nake ci da shi yau a ƙofar gbakar nan na koye shi. Tafiyar kowa ya iya. Shiga da sauka su ne aikin.

Ku buɗe but ɗina ku ga kayan aikina, ku yi dariyar ku gama. Akwai ɗan benci na katako da kafinta ya yi mini, mai faɗin ƙafa, an manna masa roba a ƙasa don kada ya zame. Akwai ledar shinkafa mai santsi da nake shimfiɗawa a kujera: tsoho ya fara zama tukuna, bayansa ga mota, sannan ya juya a kan ledar ya shigo da ƙafafunsa, maimakon ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yana lilo. Akwai lema, akwai buta, akwai tawul, akwai dabino don wanda sukarinsa ya faɗi muna cikin cunkoson gada. Ba na kama hannun dattijo in ja shi sai ka ce akuya. Damtsena nake miƙa masa, in ya so ya dafa, in bai so ba ina nan dai kusa. Kafin in tsaya sai na duba inda ƙafarsa za ta sauka, domin kwatocin garin nan rabinsu ba murfi, kuma tayil ɗin ƙofar shago in ya jiƙe ya fi sabulu santsi. Na gwammace in zagaya unguwa in dawo ta ɗaya hannun da in sauke mutum ya tsallaka titi. Ku kuwa inda wayarku ta ce an iso, nan kuke tsayawa, ko a kan bola ne.

Sai maganar da ba wanda zai faɗa maka da bakinsa. Dattijo mai ciwon sukari fitsari na matsa masa, amma zai mutu da shi a ciki kafin ya ce wa direba ya tsaya. In na ga ya fara gyara zama yana kallon taga, sai in ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, zan kama ruwa a masallacin nan." Sai ya ce, "To, tunda ka tsaya." Kuma ba ƙarya na yi ba, ni ma na tsufa, da gaske nake shiga. Wannan shi ne suturta mutum. Ku riƙe shi da kyau, domin akwai wani abin da ya yi kama da shi amma ba shi ba ne, kuma a kansa zan yi muku faɗa.

Wadda ta koya mini yadda ake raba mutum da tuƙi ba tare da an raba shi da gari ba, Hajiya Ramatu ce, mai atamfa a kasuwar Treichville. Ita da kanta ta kira ni. Ta ce fitilun motoci sun fara watse mata a ido, in ruwa ya sauko ba ta ganin layin hanya. Ba mu ƙwace mata mota rana ɗaya ba. Da fari magariba kawai ta bar mini. Daga baya ta bar mini damina. Sannan gada: ta tuƙo mu daga gida har bakin gada, ta tsaya, mu yi musaya, in haye da ita. Cikin unguwa kuwa da safe ita ke ja, ina gefe bakina a rufe. Ranar da ta daina gaba ɗaya ba wanda ya san ranar, har ita. Makulli kuma bai taɓa kwana a hannuna ba. Da safe ta ciro shi daga jakarta ta miƙo mini, da yamma in mayar mata. Hanya ma ita ke faɗa, ko da na san ta. Har ta koma ga Allah ba ta fasa zuwa shagonta ba, ba ta fasa biki ko gaisuwar mutuwa ba. Haka ake yi. Ba wuya, sai dai yana buƙatar mutum ya buɗe baki ya faɗi gaskiya tun da wuri, kuma nan ne mutanenmu suke kasawa.

Mummunar shekarata a wannan sana'a ba shekarar da aka yi rikici gari ya rufe ba ce, ba kuma shekarar da mai ya yi tsada ba. Shekarar Alhaji Mamman ce.

Alhaji Mamman mutumin Tawa ne, dillalin shanu, tun yana saurayi yake kawo wa mahautan garin nan kaya. Gidansa na Treichville, amma zuciyarsa na Adjamé, a wata rumfa da tsofaffin abokan cinikinsa suke zama. Ya bar wa yara harkar tuntuni, amma kullum da hantsi sai ya hau tsohuwar farar motarsa ya haye gada ya je rumfar nan. A can ake shan shayi, a can ake sasanta mahauci da dillali, a can in baƙo ya sauka daga arewa bai san kowa ba ake cewa a kai shi wajen Alhaji Mamman. Mutum ne mai faɗa a ji. In ka cire masa rumfar nan, me ya rage masa? Ɗaki da rediyo.

Ido ne ya fara ba shi matsala. Kowa ya gani. Gefen motar duk ƙarce, madubin dama an ɗaure shi da waya. Ran nan ya ja da baya ya ture teburin wata mai sayar da aloko, soyayyar ayaba, mai ya zube, Allah ya tsare bai zuba a jikin kowa ba. Ba na jayayya cewa ya kamata ya sauka daga sitiyari. Ya kamata, har ma an makara.

Babban ɗansa Abdu, wanda ke aikin fito da kaya a tashar jirgin ruwa, shi ya neme ni. Muka zauna a wajen mai shayi, ya ajiye wayoyinsa a kan tebur, ya ce, "Tonton, mun gama magana da makanike. Mun kai motar Baba garejin Bakari a Adjamé, wai duba birki. Bakari zai ce masa wani piyes, wani ƙarfe a cikin injin, ya mutu, babu shi a nan, sai an yi oda daga waje. Kai kuma ka riƙa kai shi da tawa motar kafin piyes ya zo."

Na ce, "Yaushe zai zo?"

Ya yi murmushi. "Tonton, ba zai zo ba, ai dabarar ke nan. C'est ça l'idée."

Na ajiye kofina. Na ce, "Abdu, ka je ka durƙusa gaban ubanka ka ce masa, Baba, idonka ya yi rauni, muna tsoron ka kashe ɗan wani. Zai yi fushi, zai kore ka, bayan kwana biyu zai kira ka. Motar ta zauna a ƙofar gidansa, makulli a aljihunsa, ni in zo in riƙa karɓa a hannunsa."

Ya ce, "Ni in dubi idon Baba in ce masa ya tsufa? A'a, Tonton. Ba tarbiyyarmu ba ce. Da kunya."

Kunya! Kun ji kalmar da ake ɓuya a bayanta. Yana jin kunyar faɗa wa ubansa gaskiya, amma bai ji kunyar haɗa baki da makanike a kansa ba. Na ce masa ni ba zan shiga tsakanin ɗa da uba ba, ba hurumina ba ne, amma ya sani: ran da Alhaji ya dube ni ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce ba zai tambaya ba.

Na je ɗaukar Alhaji da motar Abdu, doguwar nan mai tsayi da sai an yi mata hawan doki. Na ajiye masa bencina, ya kalle shi ya kalle ni, ya ce, "Mi ne ne wannan? Ni gurgu ne?" Ya hau ba tare da shi ba, yana nishi. Na kai shi 'yan kwanaki, sannan wata safiya ya ce, "Idi, ka yi haƙuri, ba don ka yi laifi ba. Amma ban ga dalilin ɗaukar direba ba don 'yan kwanakin da suka rage. Motata na nan fitowa. In tafi da woro-woro kamar kowa."

Ga abin da masu dabara ba su lissafa ba. Mutumin da aka ce masa motarsa na nan tafe ba zai koyi zama da direba ba, domin a ganinsa ba abin da ya canza. Jira yake. Hajiya Ramatu ta san ta sauka, sai ta shirya wa saukar. Shi kuwa an bar shi a tsaye a bakin hanya yana jiran abin da ba ya zuwa. Sun ce suna tsoron hatsari, sai ga dattijon da bai ganin gabansa sosai yana tsayuwa a titi yana tare woro-woro, ana cusa shi a baya tsakanin mutane da buhuna, ana sauke shi inda direba ya ga dama, yana ratsa Adjamé da ƙafa. Kun san Adjamé da rana: masu tura kura, gbaka na ja da baya ba mai duba mata, babura, 'yan talla sun cinye gefen hanya. Ni da idona biyu sai na yi bismilla nake tsallakawa. Kuma tafiyar tasa ta ninku, domin bayan rumfa sai ya biya gareji ya tambayi Bakari. Bakari ya goge hannu da tsumma ya ce, "Papa, piyes bai zo ba. Jirgi ne ya yi latti."

Na koma wajen Abdu ba sau ɗaya ba. Na ce masa na hangi ubansa a tsakiyar titi, motoci na kauce masa. Ya ce, "Zai gaji ya daina, Tonton. Laisse, ça va aller, komai zai daidaita." Wato shirin nasu ke nan: tsoho ya gaji. Abin da ya fi ƙona mini rai, maganar ta fita. Abdu ya je rumfa ya roƙi abokan uban kada kowa ya ba shi aron mota, kada kowa ya nuna masa wani makanike. Su ma suka ce ai gara haka, rufin asiri ne. Dattawa masu furfura suna zaune suna jin Alhaji Mamman yana zagin kamfanin jirgin ruwa, suna gyaɗa kai suna cewa Allah ya kawo piyes lafiya.

Sun manta da wa suke yi. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana gano saniya mai ciwo a cikin garke ba zai zauna yana jiran jirgi ba. Ya matsa wa Bakari sai ya faɗa masa sunan abin da ya mutu, Bakari ya rasa yadda zai yi ya ambaci wani abu na wajen tayar da inji. Alhaji ya shiga kas, kasuwar tsofaffin kayan mota ta Adjamé, inda in ka ce a haɗa maka mota daga kusa har taya za a haɗa. Ya bi rumfa rumfa a cikin baƙin mai da taɓo, kwana da kwanaki, har ya samo shi. Ya sa a leda, ya rungumo shi, ya kawo gareji da ƙafa.

Bakari ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce Alhaji ya dire ledar a gabansa ya ce, "Ga shi, na hutar da jirgi. Sa mini yanzu, ina zaune." Bakari ya fara kame-kame, wai ba irinsa ba ne, wai sai gobe. Alhaji ya miƙe. Ya je ya buɗe gaban motar da kansa. Ido ne ya yi rauni, hannu bai manta ba. Ya lalube nan, ya lalube can, sai ya ji kan batir a cire, an ajiye wayar a gefe. Ya mayar, ya ƙwanƙwasa da dutse. Makulli na rataye a ƙusa, ya san nasa. Murzawa ɗaya motar ta tashi.

Ina wankin mota a Treichville bayan azahar wayata ta yi ƙara. Bakari ne, yana ihu: "Idi! Le vieux, Alhaji, ya ɗauki mota! Ya fita, ya ƙi tsayawa!" Na bar bokiti a nan, na tare tasi. Duk hanyar ina leƙen inda mutane suka taru, duk taron da na hango sai in ce shi ke nan. Mutum a cikin fushi, ido ba kyau, wata da watanni bai taɓa sitiyari ba, a Adjamé, ga hadari ya haɗo gari ya yi duhu. A cikin tasin nan na tsine wa dabara da masu dabara, har direban ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

Kusa da kasuwar Guro na same shi, inda manyan motoci ke sauke ayaba da rogo. Ya hau da taya ɗaya kan gefen hanya ya tsaya a karkace, ruwa ya fara sauka, wani mai tura kura na tsaye a tagarsa yana zazzaga masa masifa don ya goge masa kaya, matan kasuwa na taya shi. Ba wanda ya ji rauni. Allah ne kawai. Na ba mai kurar haƙuri da Julancin da na koya a ƙofar gbaka, ya tafi yana ƙunƙuni. Na leƙa. Alhaji na zaune, hannayensa biyu a kan sitiyari, hularsa ta faɗi a ƙasa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ban ga hanyar ba, Idi. Fari kawai nika gani."

Na ce, "Na'am, Alhaji."

Ya buɗe ƙofa da kansa, ya zagaya ta gaba a cikin ruwan, yana dafa jikin motar. Na bi shi a baya. Ya zauna a kujerar gefe, ya miƙo mini makullin. Ban tayar ba tukuna, don na ga akwai magana a bakinsa.

"Motar nan ba abin da ya same ta."

"Babu, Alhaji."

"Ka sani?"

"Na sani. Na ce wa Abdu ya faɗa maka."

Ruwa na dukan rufin mota. Ya ce, "Da ya faɗa mini, da na zage shi. Da na zage shi tas, sannan in ba shi makullin. Ai na san ba ni gani. Ni za a gaya wa ba ni gani?" Ya goge fuskarsa da hannun riga. Sai ya yi tambayar da nake tsoro. "Mutanen rumfa fa? Su ma sun sani?"

Wallahi na so a ce ina da wata amsa. Na ce, "Sun sani, Alhaji."

"Dukansu?"

"Dukansu."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ni kuwa kullum ina ba su labarin jirgi." Bai ƙara cewa uffan ba har muka haye gada. Bai taka birkin gefensa ba, bai leƙa madubi ba, bai ce mini bi nan ko bi can ba. A duk tsofaffin da na tuƙa ban taɓa ɗaukar wanda ya yi mini shiru irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake.

Yanzu ku saurara, ku masu cewa kyauta ce. Alhaji Mamman yana nan da ransa. An yi masa aikin ido ɗaya, yana gane mutane. Ƙafarsa lafiya lau, ko dai in ce lafiya lau take a lokacin, domin ƙafar tsoho in ta daina fita ba ta daɗewa. Motar tana ƙofar gida, an wanke ta, an gyara madubin. Abdu ya sake ɗaukata, yanzu duk abin da na ce a yi shi ake yi: makulli yana ɗakin Alhaji, a kan teburinsa, kusa da rediyo. Abin da na roƙa tun farko sai da aka ɓata komai aka ba ni. Amma mutumin ya ƙi fita. Masallacin unguwa kawai, shi ma sai an tayar da salla ya shiga sahun baya, ana sallamewa ya fice. Abokansa na rumfa sun hayo gada sun zo ban haƙuri, ya karɓe su, ya sa aka kawo musu ruwa, ya tambayi iyalinsu ɗaya bayan ɗaya, ya raka su bakin ƙofar ɗaki. Bai koma ba. Mahauta na rigima a Adjamé ba mai raba su, shi kuma yana zaune a kan darduma, cinyoyinsa na zubewa, ya fara dafa bango in zai tashi.

Kullum da hantsi ina zuwa. In buɗe but, in fito da benci, in shimfiɗa leda a kujerar gaba, in shiga in gaishe shi in ce mota na ƙofa. Ya ce, "Sannu Idi, Allah shi yi albarka." Shi ke nan. In zauna a waje har azahar in tafi wajen wani dattijon. In wannan ne barcin da kuke cewa ina yi, to ku zo ku karɓa, na bar muku.

Ran nan Abdu ya zo da safe, ya same ni a tsakar gida. Ya rame shi ma, ba zan ɓoye ba. Ya cire takalmi ya shiga ɗakin, ina jin su ta labule. Ya durƙusa, irin durƙuson da na ce ya yi tun farko. Ya ce, "Baba, don Allah ka yafe mini. Ka fito ko sau ɗaya ne. Ga Tonton Idi, ga motarka, lafiyarta lau. Mutane na tambayarka a Adjamé. Ka je ko shayi ka sha ka dawo."

Alhaji ya rage muryar rediyo. Bai ɗaga murya ba, bai yi zagi ba. Da ya yi zagin ma da na ji daɗi, da na san akwai sauran fita a jikinsa.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Abdu. Piyes bai zo ba."